Tokar Murhun Kaka Falmata

Duk ranar Talata da Alhamis nakan rufe shagon ɗinkina da safe, in tsallaka shataletalen Bata in shiga Sabon Gari, inda nake aikin sa kai a wata ƙaramar makarantar rainon yara. Karatun littafi nake yi musu. A cikinsu akwai Ummi, 'yar shekara huɗu, wadda wata uku cur ban ji muryarta ba. Uwarta, mai sayar da taliya a Kasuwar Singa, ta riga ta yanke magana: "Malama, in zangon nan ya ƙare haka, cire ta zan yi. Gara ta zauna kusa da ni a rumfa." Wallahi maganar nan ta hana ni sukuni. Ina cikin juya ta a raina, sai Kaka Falmata ta faɗo mini.

A Fagge muka tashi, gidan yawa. Kakarmu 'yar Borno ce, amma ta fi shekara hamsin a Kano. Da an idar da sallar magariba an sauke tuwo, sai mu kewaye murhu tun yana da sauran ɗumi. Ba ta fara tatsuniya sai ta jawo toka gefe, ta baje ta da bayan ludayi, ta zaro tsinken tsintsiya. "To, ga ta tafe, ku ba ta hanya," in ji ta. Mu ce, "Mun ba ta, ta shigo!" Duk wanda ya fito a labarin sai ta yi masa alama a toka. Ni ce ƙarama, ni ce kuma mai gadin tokar. Nakan kife tsohuwar tasa a kai, in yi ta faɗa da akuyar gidan.

Wadda na fi tunawa ita ce ta kaza da zakara. Wai an yi fari a wani gari, aka aike su wurin hadari da saƙo. Zakara ya ce shi kansa ya ishe shi. Kaza kuwa ta sami sakaina, duk wanda ya ba ta saƙo sai ta karce da farce: ɗaya na manomi, ɗaya na makiyayi, ɗaya na mai jego da ba ta da ruwan wanka. Da suka isa, zakara ya buɗe baki, saƙo ya tsere masa, sai cara kawai yake yi. Kaza ta dubi sakainarta, ta zayyana saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Hadari ya ji tausayi, ya biyo su gida. "Shi ya sa har gobe kaza take tonon ƙasa," in ji Kaka. "Ba ɓarna take ba, rubutu take."

Washegari sai ta dafe kai. "Kai, tsufa! Jiya wa muka aika ma? Hadiza, buɗe tasar nan ki duba mini." Sai in durƙusa, in bi alamomin da yatsa, in mayar mata da labarin kaf, ina ta hura hanci. Yayyena su yi ta dariya, ni kuwa tsakani da Allah tausayin mantuwarta nake ji.

Da wannan ya dawo mini, kunya ta kama ni. Wata uku ina tsaye a kan yara da littafi, ina ɗaga murya kamar mai shela. Ranar Talata sai na zo da faranti cike da yashi, na zauna a ƙasa, na ba su labarin kaza ina zana alamomi. Da na gama, na miƙa wa Ummi farantin. "Ke ce mai gadi." Ta rungume shi ta kai bayan ƙofa.

Ranar Alhamis na dafe kai, na ce na manta. Yara suka yi caa, kowa da nasa. Ummi ta ɗauko faranti ta ajiye, ta ɗora yatsa a kan layi uku masu kama da sawun kaza, alamar da na yi wa kazar. Leɓenta na motsi, murya ba ta fito ba. Ana haka uwarta ta shigo da sauri za ta ɗauke ta, ba ta ga abin da ke ƙasa ba.

"Umma, kar ki taka! Kazata ce!"

Matar ta tsaya da ƙafa a sama. Ummi ta ja zanenta ta zaunar da ita, ta nuna mata manomi, ta nuna mata mai jego. Ni dai hawaye ne suka zubo mini, ban ma ɓoye ba. Ba a sake maganar rumfa ba, yanzu ma Ummi sunanta take rubutawa a yashin nan.

Kaka Falmata ba ta taɓa riƙe alƙalami ba har ta koma ga Allah. Sai da na kai shekara arba'in da biyar, na dafe kaina a gaban yaran mutane, sannan na gane tsohuwar nan ba ta taɓa manta komai ba. Allah Ya jiƙanki, Kaka. Na gode.