Tarin Kawu a Rijiyar Gangara

Jiya da rana tsaka ina zura guga a rijiyar Gangara, sai na ji tari daga can ƙasa, busasshe, sau uku. Haka kawuna yake yi kafin ya sauka haƙa, wai kada ya faɗa wa mutanen ɓoye ba sallama.

Ƙurar dutse ce ta cinye masa ƙirji. Na raka shi biro, wato ofishin hukuma, a Tanut neman diyya. Ma'aikacin ya ce, "Baba, ina takardar aikinka?"

Kawu ya ce, "Tana rijiyar Gangara, zurfin gaba arba'in. Je ka leƙa."

Ko dala ba su ba shi ba. Bara muka binne shi.

Allah ya yalwata kabarinka, Kawu, ya ba ka iskar da rijiya ta hana ka.