Goron da Na Goga a Lemon Malam

Shekarar da zuwa gona ya gagare mu, muka tattara muka dawo cikin garin Faskari, ni da maigidana da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Ɗaki biyu muka samu a wani gidan haya. Maigidana, wanda nake kira Malam tun muna saurayi da budurwa, ya rataye fartanya ya kama babur. Yana ɗaukar mutane da buhunan masara, yau Ƙanƙara, gobe Sabuwa, wani lokaci har Damari idan hanya ta yi lafiya. Yakan fita bayan sallar asuba, ya dawo gab da magariba idanunsa jawur.

A wannan aiki ya koyi shan lemon gwangwani, irin wanda 'yan acaba ke cewa yana ƙara kuzari. Da farko guda ɗaya ne a rana. Daga baya na riƙa tsintar gwangwanaye uku, huɗu a buhun da yake ɗaurawa a bayan babur.

Ni kuwa da littattafan soyayya na tashi, waɗanda muke karɓa aro a hannun ƙawaye har bangonsu ya cire. A cikinsu, idan mace ta kwantar da kai a ƙirjin mijinta ta ji zuciyarsa na bugawa da ƙarfi, to ƙauna ce. Wata Juma'a bayan la'asar Malam na kishingiɗe, na kwantar da kaina a ƙirjinsa, na ji zuciyar na dukan uku-uku kamar ana sussuka. Har na fara murmushi. Sai na ɗaga ido na ga gumi na tsattsafo masa a goshi. Shekararmu tara da aure a lokacin, kuma na san ba ni ce na sa ta wannan gudu ba.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Nas ɗin da ta duba shi babbar mace ce mai tabarau. Ta naɗa masa abin awo a damtse, ta kalli lambar, ta sake aunawa.

"Malam, gwangwani nawa kake sha a rana?"

"Biyu," in ji shi.

"Huɗu," na ce.

Ya harare ni. Nas ta ce jininsa ya hau ƙwarai, ta rubuta masa magani, ta ce daga yau ya rabu da lemon nan idan yana son zuciyarsa ta kai shi tsufa.

A hanyar gida ya ce mani, "Kin ji daɗi kin tona ni. To mi kike so in yi? In ban sha ba, barci ke ɗaukata bisa babur. Ko dai zuciya ta kashe ni, ko in faɗa rami da ɗiyan mutane."

Na ce, "Ni zan haɗa maka naka a gida. Wanda ya fi nasu."

Na faɗa ne da irin muryar matan littafi, waɗanda ke buɗe firij su ɗauko lemo mai raɓa su jera a faranti. Mu ko wutar lantarki sai mu yi kwana uku ba mu gan ta ba.

Washegari na fara. Na sayo abarba ƙarama da lemun zaƙi da citta ɗanya da kanumfari. Na fere abarbar, na tafasa ɓawon da cittar, na daka naman a turmi na tace da rariya, na matse lemun a kai, na jiƙa dabino don zaƙi. Ƙanƙara kuwa sai a gidan wata Hajiya mai firiza ta sola, can bayan masallaci, inda mata ke layi da kuloli tun hantsi. Takan ƙulla ruwan a leda ya daskare kamar dutse. Na naɗo biyu a tsumma na rugo gida kafin rana ta shanye su, na farfasa da taɓarya.

Cikin kayan aurena kofunan gilashi biyu suka tsira daga ƙaura. Na wanke ɗaya, na cika, na ɗora a faranti, na ma sa kwalli. Da Malam ya dawo ya ɗaga ya shanye a tashi ɗaya, ya goge baki da bayan hannu.

"Ya yi daɗi, 'yar littafi. Amma wanga lemon amare ne. Ba zai kai ni Sabuwa ba."

Na gwada da kankana. Na gwada da mangwaro da tsamiya. Na sa zoɓo har ya yi ja kamar jini. Kullum na cika masa gora biyu na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, kullum ya dawo yana hamma. A kwana na shida ya shigo da gwiwa a kurje. Gyangyaɗi ya ɗauke shi, babur ya bi gefen titi ya kayar da shi cikin ciyawa. Allah ya sa ba kowa a bayansa. Na ga yadda ya tsaya yana kallon tsohon buhun gwangwanayen nan.

Inna na zaune bakin ƙofa tana goga goro. Haƙoranta sun zube, don haka tana da wani murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, a kansa take goga goron ya zama gari ta zuba a baki.

"Ke ɗiyar nan," ta ce, "kina ta wahalar da turmi a banza. Mi ya kai goro tada mutum? Uban mijinki da goro yake yini a gona, ban taɓa ganin ya yi hamma ba."

Na ce, "Inna, ba zai yi mashi illa ba?"

"Goro? Abin da aka ɗaura maki aure da shi? Abin da ake rabawa ranar suna, malamai su yi addu'a a kai? Illa tana can cikin gwangwanin kamfani da ba a san abin da suka zuba ba."

Maganar ta zauna mani daram. Ni ma haka na ɗauka, cewa cutar daga kamfani take, abin da ya fito daga hannunmu kuwa ba ya cuta. Na ari magogin Inna, na goga farin goro biyu, na jiƙa, na tace. Na dafa ganyen shayi har ya yi baƙi na haɗa. Ɗacin ya fito, sai na ƙara abarba da dabino da lemun tsami har ya ɓuya. Ban gaya wa Malam ba. Ina so ya ɗauka hannuna ne kawai.

Ranar ya dawo yana waƙa. "Yau kam kin kama shi! Mi kika sa?"

"Sirrin mata ne," na ce, ina sunkuyar da kai yadda na karanta ana yi.

Mako uku muka yi a haka. Ba gwangwani ko ɗaya a buhu. Abokan aikinsa har suna kurɓa suna tambayar ko matarsa na sayarwa. Ni kuwa na gaji irin gajiyar da ba a rubutawa a littafi. In tashi kafin asuba in daka, citta ta ci mani yatsu, magogi ya karce su, in bi layin ƙanƙara da rana don ta gobe, in lulluɓe kula da buhu kada ta narke, sannan ga ɗebo ruwa, ga tuwo, ga wankin Inna. Duk da haka idan ya ce gorar jiya ba ta riƙe shi har la'asar ba, sai in ƙara goro. Daga biyu na koma uku. Daga uku na koma biyar.

Wata ranar kasuwar Sabuwa, azahar ba ta yi ba na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Wani abokin aikinsa ne ya goyo shi. Malam ya shigo dafe da ƙirji, rigarsa sharkaf, yana cewa ganinsa na yin duhu. Muka wuce asibiti.

Nas mai tabarau ce dai. Ta auna, ta cire tabarau ta dube shi.

"Ka koma wa gwangwani."

"Wallahi Hajiya tun ranar ban taɓa shi ba."

"Kowa haka yake cewa. Ka fi son lemo da ranka, shi ke nan."

"Ga ta nan, ki tambaye ta. Nata kaɗai nake sha." Ya juyo gare ni da idanun mutumin da ke neman shaida, kuma ya tabbata zai samu.

Nas ta ce, "Mi kike sa mashi?"

Na fara lissafawa a hankali, kamar jan lokaci zai canza ƙarshen. Abarba. Lemun zaƙi. Citta. Dabino. Ƙanƙara.

"Sai mi?"

"Ganyen shayi. Da goro."

"Goro nawa?"

"Biyar."

Ta ajiye biro. Ba ta yi mani tsawa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ce abin da ke cikin gwangwanin nan mai hana barci da sa zuciya gudu, shi ne dai a cikin goro da ganyen shayi. Na ce ni na ɗauka goro ba ya cuta. Ta ce, "Ƙanwata, mijinki gajiya ke damun shi. Ba abin da za ki tace da rariya ya maye mashi gurbin barci."

Muka dawo gida. Inna ce ta fara magana, da ta ji labari ta tafa hannu. "Biyar? Uban shi guda yake ɓantara tun safe har yamma! Ni na ce ki juye mashi huhun goro?" Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, kuka ma ya ƙi zuwa. Can Malam ya leƙo ya ce, "'Yar littafi, ashe da ƙauna za ki gama da ni." Ya yi dariya kaɗan, ya zauna kusa da ni.

A ranar muka yanke. Zai bar hanyoyi masu nisa sai dai kasuwa ta kama dole, zai riƙa dawowa da azahar ya kwanta kafin ya sake fita. Mun san tukunya za ta ji a jikinta, ta kuma ji. Makon farko ya sha ciwon kai, ya yi ta faɗa da kowa, har da kajin maƙwabta. Na mayar wa Inna magoginta.

Lemon dai ban daina ba, abarba da citta da ƙanƙara, ba goro, ba shayi. Wata azahar na cika kofin gilashi na ɗora a faranti na shiga, na tarar har ya yi barci a kan tabarma, ƙafa ɗaya da takalmi. Na ajiye farantin na zauna. Ƙanƙarar da na bi layi na samo ta yi ta narkewa, ruwa na bin jikin kofin yana taruwa a faranti. Ban tashe shi ba. Na cire masa takalmin, na sunkuya na sa kunnena a ƙirjinsa. Zuciyar na tafiya a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Da wata ya zagayo nas ta auna ta ce lambar ta sauko, ya ci gaba da shan magani, mu dawo wata mai zuwa. Muka fito, ya tada babur, na hau baya. Na ce ya sauke ni a gidan Hajiya mai firiza, layi ya riga ya yi tsawo.