Likitar da ba ta yin allura

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata, Dakta Hadiza, likitar da duk Bakori ta shaida ba ta taɓa yi wa ko kaza allura ba. In ta zo hutu, dangi kan yi layi daga zaure har bakin titi, wannan ciwon baya, wancan haƙori. Ta saurare su tsaf, ta ce su tafi asibiti. Ni kuwa in bi su da ban haƙuri: "Ku yi mata uzuri, karatun nata bai kai kan allura ba tukuna."

Aikinta bincike ne kan ciwon daji, amma ba ƙarin ne ya dame ta ba. In likitocin tiyata suka cire ƙari, ita naman gefensa take roƙo, wanda ido ke gani lafiya lau. Ta yanka shi ya fi ɓawon albasa rashin kauri, ta wuni tana leƙensa a madubin likita. Na ce mata, kowa na bin ɓarawo, ke kin tsaya tuhumar maƙwabta.

A gonar dawarmu ta hanyar Tsiga na fahimce ta. Wuta-wuta ta cinye rabin gonar, ina tsugune ina cira ina tsine mata. Hadiza ta ce, "Yaya, irin ciyawar nan yakan yi shekaru kwance a ƙasa bai motsa ba. Saiwar dawarka ce ke tashe shi." Ta ce haka ƙari yake, ba ya yaɗuwa shi kaɗai sai naman da ke kewaye da shi ya ciyar da shi, ya buɗe masa hanya. In aka gano yadda suke ƙulla wannan, wataƙila a tsare shi wuri guda.

Da tana nan yau, da ta sha takaicin masu lasifika a kasuwar Funtua, waɗanda ƙullin garinsu ɗaya ke maganin daji, basir da talauci. Da ta fi jin ciwon matanmu da har yanzu ba sa zuwa asibiti sai abu ya ci jiki.

Hatsarin mota ne ya ɗauke ta, ta bar mini 'yarta Nana. Bana Nana ta gama karatun likita. Na riga na gama lissafi: asibiti a Funtua, kullum ta biyo ta gaishe ni. Sai ga gurbin bincike ya fito mata a nesa, kan naman nan na gefen ƙari. Ni na san abin da aikin ke ci. Biki da suna duk sun wuce Hadiza, rasuwar Innarmu ma a waya ta ji.

Nana ta durƙusa ta ce, "Kawu, in ka ce in zauna, zan zauna." Ni da ko a gidan makoki sai an tsawata mini kan barkwanci, na nemi abin dariya na rasa. Hadiza ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar maganin da ke ɗauke da sunanta ba. Tambaya ɗaya ta bari, da yarinyar da tambayar ta hana sukuni. In na riƙe Nana, na binne uwarta karo na biyu.

Na ce, "Je ki, Allah ya yi miki albarka." A tasha na labta mata kuka da daddawa har direba ya tambaya ko garin ne zai tashi.

Allah ya jiƙan Hadiza. Nana kuma, Allah ya nuna mata abin da uwarta ta rasu tana nema, ya kuma sa ta riƙa zuwa gida da sallah.