Dubiya Ta Kusa Kai Ni Kushewa

Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu cewa ni Rabi mai waina na yi girman kai, to ku zauna ku ji.

Cikina ne ya fara kumbura, loma biyu na ƙoshi. Matan layinmu a unguwar Sabo har sun fara yi min barka, wai ƙaruwa ce. Da aka yi hoto da gwajin jini, likita ta ce kansar ƙwan mace ce. Tsoro ya kama ni.

Ta ce hanya biyu ce: ko tiyata sannan kemo, wato maganin kashe kansa, ko a fara kemo ƙarin ya motse sannan a cire. Nawa ya yi girma, ta ce gara ta biyun. Magani iri biyu ta jijiya, duk bayan sati uku. Tsadarsa kuwa, jarin albasar maigidana a kasuwar Shasha kaf ya tafi.

Ta ja min kunne: "Maganin nan yana karya garkuwar jiki. Ki guji taro."

A Sabo? Ina dawowa gida daga kemo, ɗakina ya cika da 'yan dubiya. Ga amai, ga gashi yana zuba, ga mata a bakin gadona da goyo masu majina. Wannan ta miƙo tsimi, waccan jiƙon saiwoyi da ake kira agbo, Iya maƙwabciyarmu tana "pele, pele", wato sannu, tana tari a fuskata. Kunya ta hana ni korar kowa.

Zazzaɓi ya kwantar da ni a asibiti. Jinina ya yi ƙasa, aka ɗaga kemo na gaba. Likita ta ce, "Kina so ki warke, ko kina so a ce kina da kirki?"

Haushi ya ishe ni. Da aka sallame ni, na kira yayata Hajara, ta kafa kujera a zaure. Duk wadda ta yi sallama sai ta ce, "Ta gode, a yi addu'a daga nan." Har gwaggonmu ta juya, ta tafi tana cewa mun zama Turawa.

Na gama kemo, an yi tiyata, gwaji ya fito lafiya. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa maigida da likitoci da Yaya Hajara.

Mata, kumburin ciki da ya ƙi sauka, ku je asibiti. Masu dubiya kuma, ku buga waya ku tambaya kafin ku zo.

Gwaggo har yau ba ta amsa gaisuwata. Ba komai, ina da ran da zan ci gaba da gaishe ta.