Somapala, Direban Masu Dintsin Shinkafa

Tun kafin hankaka ya yi kuka Somapala ke fitowa da bokiti da tsumma. Da gilashin gaba yake farawa. Ya wanke, ya goge da tsohuwar jarida har sai ya ji yana ƙara a ƙarƙashin tafinsa. Daga nan ya tsinko farin fure a bakin rijiya, ya hau mota, ya ajiye a gaban ɗan hoton Buddha da ke saman sitiyari, ya kunna turaren tsinke guda. Sai ya zauna a kujerarsa, hannu biyu a kan sitiyari, har turaren ya cinye. Shekara talatin da shida ke nan yana haka. Abin da ya sauya kawai, wata takwas ke nan motar ba ta bar gindin mangwaron gidansa ba, har ciyawa ta fara hawa tayoyin.

Ni ne Ranhami, mai dafa abincin tafiya. Ban taɓa zama a aji ba, baƙi ko ɗaya ban sani ba. Tsohuwar malamar makarantar da ke maƙwabtaka da ni ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Shekarata saba'in da tara. Ranar da teku ta hau tudu ta kwashe mutane, da ni ta kwasa, na wuni maƙale da bishiyar kwakwa da karyayyen hannu, na sauko da ƙafata. Maciji ya sare ni sau biyu, duka biyun shi ya mutu. Na taɓa ciyar da mutum sittin cikin ruwan sama da jiƙaƙƙen itace. Mutum irina ba ya yabon kowa da arha. Amma yau zan yi yabo, don kuwa na ga abin da ni kaina ba zan iya ba.

A ƙauyenmu babu mai kuɗin yawo. Abin da muke da shi, kowace mace idan ta auna shinkafar girki, takan ɗebi dintsi ɗaya ta zuba a wani tulu daban. Tukunya ba ta jin an rage mata, yara ma ba sa ji. Bayan girbi a haɗa tulunan, rabi a sayar a zuba wa mota mai, rabi a ɗora a sama mu ci a hanya. Da wannan dintsin Somapala ke zagayawa da mu tsibirin nan duk shekara, kwana tara, daga Kataragama zuwa Mahiyangana, mu hau duwatsu mu sauka Kandy, mu ƙare a Anuradhapura. Sauran watanni yana jigilar 'yan kasuwa ya ciyar da gidansa. A wannan tafiyar kuwa ko rupi ɗaya bai taɓa karɓa ba. Ladansa ganyen ayaba ɗaya na shinkafa, kamar kowa.

Yana da dokoki, kuma ba ya wasa da su.

"Duk wanda ya sayi ruwan roba a motata, a nan zan sauke shi ya ƙarasa da ƙafa," in ji shi. "Rijiyar haikali ba ta ƙafe ba."

A rumfar baƙi ta haikali muke kwana, kowa da tabarmarsa. A tafki muke wanka. Itace daga gida, busasshen kifi daga gida, kwakwa daga gida. Da sassafe ake tashi, kafin rana ta gasa injin. Idan mata suka ga ayaba a inda manyan motocin baƙi 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa suka fara "tsaya, tsaya," ko juyowa ba ya yi.

"Ku bari mu wuce lanƙwasa uku tukuna. Akwai wata tsohuwa a gaba, ayabarta ba ta jin Turanci."

Haka kuwa za a tarar, rabin kuɗi, har da ƙari. Ya san inda za a tsaya a bayan gonakin shayi a ga ruwa na zubowa daga kan dutse, ba ƙofa, ba mai yankan tikiti. Shekarar da mai ya ɓace a ƙasar nan, kwana huɗu ya yi a layi, yana cin biredi da ruwa, don kada shinkafar matan nan ta tashi a banza. Na ga tsofaffin da ba su taɓa wuce kasuwar gari ba sun tsaya a saman dutse, gajimare na ƙarƙashin ƙafarsu, suna kuka. Kai ne ka kai su, Somapala. Kai ne ka nuna wa talaka ƙasarsa.

To, ga abin da ya faru bara.

Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu, Asilin. Ɗanta ɗaya, Piyasiri, ya shiga soja yana da shekara sha tara, aka tura shi yaƙin arewa, ko gawarsa ba ta dawo ba. Abin da aka faɗa mata kawai, an yi masa ganin ƙarshe a bakin wani tafkin gishiri da ke kan hanyar Jaffna. Tafiyarmu ba ta taɓa kaiwa can ba. Shekara uku Asilin na zuba dintsi biyu maimakon ɗaya. Da aka tambaye ta, cewa ta yi, "Ɗaya nawa, ɗaya na Piyasiri. Ɗana ba ya hawa motar mutane kyauta."

Bara likita ya ga wani abu a ƙirjinta, ya ce ta koma gida ta ci abin da take so. Ta zo gidan Somapala da ganyen bulat, wanda muke taunawa, a hannu biyu, yadda ake roƙon babban abu, ga shi ta girme shi da shekara goma.

"Malli, ƙanena, kai ni arewa. Ba ni da wani girbin."

Ya karɓi ganyen. "Zan kai ki, akka, yayata."

Mu ashirin da biyu muka tashi, ban da direba. Rana ta biyu, mun fasa kwakwa a Kataragama mun kama hanyar Buttala, wadda ke ratsa dajin giwaye. Kowa ya san giwar da ke tsayawa a bakin titin nan tana jiran a jefa mata ayaba. Kullum tun daga nesa Somapala ke rage gudu ya ce, "Ku fito da kuɗinku, ga mai karɓar haraji." Ran nan ina zaune a gaba ta hagu, kusa da ƙofa. Na hango ta, ƙatuwa kamar rumbu, rabin jikinta a kan kwalta. Na jira ya yi barkwancinsa. Shiru. Motar ba ta rage gudu ba.

"Giwa!" Mata suka kwarma ihu.

Ya taka birki. Tukwanena suka zubo, wata jarka ta fashe. Da muka tsaya, da na miƙa hannu ta taga da na taɓa kunnenta. Ta dube mu, ta karɓi ayabarta, ta matsa. Mutane suka yi ta dariyar tsoro. Ni ban yi ba, direban nake kallo.

A hankali ya ja mu har haikalin Buttala, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ana sauke kaya na ja shi bayan mota.

"Malli, giwa ce fa, ba kaza ba."

Ya ce, "Ban gan ta ba, yayana."

"Tun yaushe?"

"Gefen hagu ya jima da tafiya. Yanzu kamar ta cikin bututu nake leƙen duniya. Na ɗauka zai kai ni ƙarshen tafiyar nan. Na karɓi ganyen tsohuwar nan."

Zan faɗi laifina, tunda ni ba matsoraci ba ne. Cewa na yi, "To mene ne? Ni ne idonka na hagu. Mutumin da teku ta kasa, titi ne zai gagare shi? Ka yi shiru da bakinka, ba wanda zai sani."

"Gobe akwai lanƙwasa goma sha takwas a kan dutse," in ji shi. "Kafin ka buɗe bakin nan naka mai faɗi ka ce hagu, mun isa ƙasa. Teku ta bar ka ne don ta gaji da surutunka. Rami ba ya gajiya."

Ya zare makulli, ya tara mutane a gindin bishiyar haikali, ya faɗa musu da bakinsa. Mutumin da shekara talatin da biyar ko kare bai taɓa takawa ba ya tsaya gaban mata ya ce ba ya gani, ya kuma ce ya yi kuskure da ya ɗauko su bai faɗa ba.

Karolis mai aski ya yi tsalle. "Shinkafarmu ta shekara guda! A nan za mu cinye ta muna kallon jemagu?"

Asilin ba ta ɗaga murya ba. Ta matso ta kama hannun rigarsa. "Malli, ni dai ka tuƙa. In mun faɗa ramin, ai can ɗana yake."

Na ga fuskarsa a lokacin, ba na fatan in sake ganin irinta. Ya ce, "Ke kina da wanda ke jiranki can, akka. Sauran mutum ashirin da ɗayan nan, a gida ake jiransu. Na ce zan kai ki. Ban ce da wace mota ba."

Da yammar nan ya zuƙe man da ke tankin, ya sayar wa wani mai tarakta, ya bar motar a hannun malamin haikali. Washegari muka tsaya a bakin titi da tukwane da tabarmi da buhunan shinkafa, muna jiran jar motar gwamnati kamar kowa. Kwandastan ya leƙo ya ƙare mana kallo.

"Baba, ƙaura kuke yi, ko gobara ce ta koro ku?"

"Ɗauki buhun nan, ɗan nema," na ce da shi. "Tun uwarka na goye nake hawa mota."

Mota bakwai muka hau kafin arewa. Somapala ya san wadda ke fara tashi a kowace tasha, ya san wadda ke da wurin kaya, ya san haikalin da ke kusa da inda za ta sauke mu don kada tsofaffi su yi nisa da ƙafa. Abinci sau biyu a rana muka koma, ba wanda ya yi ƙorafi, har Karolis. Da muka zo hawan lanƙwasan nan, babu wurin zama, yana tsaye riƙe da ƙarfe a bayan wani yaron direba da ya isa ya haife shi. Ya rufe ido. Ina ganin ƙafarsa ta dama tana danna birkin da babu, leɓensa na ƙirga, sha ɗaya, sha biyu. Ni da ban yi kuka ranar teku ba, sai na juya ina kallon gonakin mutane.

Rana ta bakwai, da tsakar rana, muka sauka a bakin tafkin. Ba komai a wurin. Farin gishiri, ruwa kwance ba motsi, giginyu nesa-nesa, da iska mai zafi. Asilin ta tsaya tana haki.

"Nan ne?"

"Nan ne, akka."

Ta kwance wani ƙullin tsumma daga ƙugunta, ta miƙo mini. Dintsi ɗaya ne. "Ranhami, dafa masa. Kada ka cika ruwa, ba ya son ta caɓe."

Na haɗa duwatsu uku na dafa. Na dafa wa sittin, na dafa wa ɗari, ban taɓa tsayawa a kan tukunya kamar ta ran nan ba. Ta zuba a ganyen ayaba, ta sa ɗan kifi a gefe, ta kai bakin ruwa ta ajiye, ta zauna kusa da shi. Muka ja baya.

Somapala ya taɓa ni. Hasken gishirin ya kashe masa ɗan ganin da ya rage.

"Me take yi?"

"Tana ba shi abinci."

"Hankaki sun sauka?"

"Sun sauka, malli. Uku."

A wajenmu, idan hankaki suka ci, mamaci ya karɓa. Ya gyaɗa kai, ya zauna a ƙasa.

Asilin ta rasu wata biyu bayan mun dawo, a kan tabarmarta, ba ta ƙara ambaton arewa ba. Motar kuwa wani direban babbar mota ne ya taimaka ya dawo da ita. Likitan ido ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa saura. Ba a yi wa Somapala taro ba, ba a ba shi takarda ba. 'Yan kasuwa sun sami wata motar a mako guda.

Kai ne direban masu dintsi, Somapala. Mutane za su tuna ka da shekarun da ka tuƙa. Ni da ranar da ka zare makulli zan tuna ka. Na ba ka shawarar banza, ka ƙi, shi ya sa nake zaune yau ina cika baki. Mun gode. Mu ashirin da ɗaya mun gode, ta ashirin da biyun ma na san ta gode.

Yanzu ga maganata ga masu karatu. An kusa girbi. Tulunan matan ƙauyenmu sun sake cika. Na ce da matar Karolis, "Me kuke tarawa, alhali ba direba?" Ta ce hannu ne ya saba. Duk hanyar nan, rijiyoyinta da rumfunanta da tsohuwa mai ayaba, ba a rubuta ta ko'ina ba, tana cikin kan mutum ɗaya, kuma ni da shi ba yara ba ne. In akwai mai lasin da idanu biyu da zai iya ba da kwana tara a shekara don ganyen ayaba ɗaya na shinkafa, ya zo ya zauna kusa da shi ya saurara. Girki kuwa kada ya damu, ina nan, ban ga abin da zai kashe ni ba tukuna.

Gidan ba wuyar ganewa. Ya zo da sassafe, zai ji ƙara a gindin mangwaro. Idan turaren ya cinye, Somapala kan murɗa makulli ya bar injin ya yi minti biyar. Na tambaye shi amfanin ƙona mai a motar da ba ta zuwa ko'ina.

"Kada batir ya mutu," in ji shi, "kafin mai ita ya zo."