Tsumman Tukunyar Mama

Namiji ba ya dafa burukutu a garinmu. Aikinsa ya zauna a kan benci ya miƙa ƙwarya, in ya sha ya ce ta jiya ta fi. Ni kuwa sai da na zo Dubai, na shekara huɗu ina gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, sannan na zama mai dafa giya a hawa na shida na wani ginin ma'aikata a Al Warsan. Ba sayarwa nake yi ba, ni kuma ba mashayi ba ne. Kewar gida ce ta yi mini yawa, hannuna kuma bai iya zaman banza ba.

Mama ce ta jawo. Tun kafin a haife ni take wannan sana'a. Da na je hutu na ƙarshe, ranar da zan dawo, ta ɗauko wani tsumman saƙi baƙi ƙirin, ya bushe ƙamas. Shi take jefawa a gindin tukunya in giya za ta tashi, ya sha ya ƙoshi, ta shanya shi, ta sake jefawa a sabon dahuwa. Iri take ce masa, wurin uwarta ta gaje shi. Ta yage rabi, ta naɗe a leda, ta cusa a cikin takalmina da ke jaka. Ta ce tunda na ƙi aure, to ga abin da zan riƙa ciyarwa.

Dawa wani Bakano mai jigilar kaya a unguwar Naif yake kawo mini, yana mamakin wannan kunu nawa da ba ya ƙarewa. Nakan jiƙa ta, in baza a kan buhu a banɗaki har ta tsiro, in shanya a baranda, in niƙa, in dafa a murhun lantarki, in tace a bokiti mai murfi, in jefa tsumman. Daga murfin na ja siririn tiyo zuwa kwalbar ruwa, don iska ta fita. In ta gama tashi sai in juye a wani tankin ƙarfe na lemo da na saya a wurin 'yan gwangwan, in ɗaura masa gejin auna ƙarfin iska, in sa a tsohon firij da na gyara. Abokin zamana, mutumin Jos mai girki a otal, Madam yake kirana, amma kofinsa ne kullum a gaba. Ƙasar nan ba a tallar irin wannan abu, ƙofarmu a rufe take.

Mama ta rasu a tsakiyar zafin Dubai, lokacin ana damina a gida. Fasfona yana wurin sabunta biza, ban samu zuwa ba, a waya na ga an sa ta a ƙasa. Ban yi kuka ba. Na tashi na jiƙa dawa.

A wajenmu in mai dafa giya ta mutu, ranar bakwai ana kife tukwanenta a binne irinta. Tsofaffi suna cewa muddin irin yana tashi a wani wuri, ita ba za ta kwanta ba, hankalinta yana kan wuta. Na san wannan sarai. Na yi kamar na manta, na ce ni mai zuwa coci ne, kuma makaniki, na san abin da yake sa giya kumfa.

A watannin zafi ana ba mu hutun tsakar rana. Ƙarfe ɗaya nake dawowa, sama ta yi fari fat, ginin gaba ɗaya shiru, ko kyanwa babu a matakala. Giya kwana biyu take tashi, in ta daɗe uku. Wannan ta kai kwana shida. Ina buɗe ƙofa sai in ji kwalbar ruwan nan: ɓul, sai shiru mai tsawo, sai ɓul. Haka Mama take numfashi in ta sunkuya ta hura wuta ta ɗago. Nakan zauna a ƙasa kusa da bokitin da kayan aiki a jikina, har lokacin komawa ya yi ban ci komai ba. Tsoro nake ji, amma ban so ta daina ba.

Rana ta bakwai na juye ta a tanki na sa a firij. Sanyi yana kwantar da giya, wannan ko yaro ya sani. Washegari na tarar allurar geji ta hau. Na sauke iskar, kashegari ta sake hawa. Na zagi gejin na canza sabo, na auna sanyin firij, komai daidai. Allura ta hau abinta.

Ran nan abokin zamana ya dawo da rana ya tsaya a bakin ƙofa yana shinshina, ya tambaye ni wa yake hura itace a gidan nan. Na ce ya ga itace a Dubai? Na tsiyaya masa a kofi. Ya kurɓa sau ɗaya, ya daɗe yana kallon kofin, ya ajiye.

"Wannan ba hannunka ba ne," in ji shi.

Daga ranar bai ƙara ce mini Madam ba, ya koma kwana wurin wani ɗan'uwansa a Bur Dubai, wai ya fi kusa da aiki.

Ranar Lahadi bayan coci Inna ta kira ni, ƙanwar Mama. Bayan gaisuwa ta ce an kife tukwane, duk sun bushe sai babbar. Kowace safiya a jiƙe ake samunta, ƙudan zuma sun yanyame ta, tana ƙamshin sabuwar giya. Na ce ai damina ce. Ta ce sauran tukwanen ma a cikin damina suke. Ta ce kuma da aka zo binne tsumman, rabi suka gani.

"Ɗana, Yaya ta ba ka wani abu?"

Na ce a'a.

Sannan ta ce, "To. Duk wanda yake riƙe da ita ya ji tausayinta. Ta gaji tun tana da rai."

Haushi ya kama ni, kwana uku ina fama da shi. Su da suka zauna a gefenta, suka riƙe hannunta, suka zuba mata ƙasa, su ne za su ce in ba da ɗan abin da ya rage mini? Amma maganar Inna ta ƙi barina. Na san idanun Mama, jajaye saboda hayaƙi. Na san yadda take dafa ƙugu kafin ta miƙe. Ko mutuwa ba ta ba ta hutu ba, kuma ni ne na hana.

Ranar Laraba da tsakar rana na sa tankin da bokitin a motar aiki, na zaga bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya, inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara. Babu kowa, ƙasa tana ƙona ni ta cikin takalmi. Na buɗe bakin tankin, iska ta fito a hankali, ta daɗe tana fita, fiye da abin da tanki irin wannan zai iya ɗauka. Na tsiyaye giyar, rairayi ya shanye nan take. Na kife bokitin, na tona rami da sifana, na ɗauko tsumman.

A nan zuciyata ta karaya. Na zaro almakashin yankan waya na gutsuri kaɗan, bai fi kan ɗan yatsa ba, na sa a aljihu. Sauran na binne, na yi addu'ar da na iya, na koma aiki.

Bayan kwana biyu na kira Inna, wai gaisuwa kawai. Ta ce sun gode wa Allah, tukunya ta bushe, ƙudan zuma sun watse. Ba ta tambaye ni komai ba. Har na fara sallama sai ta ce, "Sai dai wuri ɗaya a gindinta, bai fi kan ɗan yatsa ba. Shi ne ya ƙi."

Na ce wataƙila danshi ne.

"Wataƙila," in ji ta.

Ban sake dafa giya ba. Guntun yana cikin kwalin ashana a ƙasan akwatina. Duk ranar hutu nakan tashi da niyyar yau zan kai shi in binne, in sa takalmi, in ɗauki makullin mota. Sai in buɗe kwalin in ce wa Mama ta ƙara haƙuri da ni zuwa mako mai zuwa.