Takalmin Mai Addu'a

Matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa da taga ba ta san mutumin da ya zo yin addu'a a ɗakin asibitin ba, amma turarensa ya riga shi shigowa. Farar kwat, takalmi mai tsini sai ƙyalli yake, ga Littafi Mai Tsarki a hammata, sabo fil kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Irin waɗanda sai an taru suke tuna Allah, ta raya a ranta.

Yana tsaye a kan wani tsoho da aka sa wa robar iska a hanci. Ko sunansa bai tambaya ba. Ya fara addu'a ido ɗaya a rufe, ɗaya yana duba masu kallo.

"Cikin sunan Yesu, ciwo, fita!"

Tsohon ya fara haki, yana yakushin zanin gado. Mutumin ya ƙara murya: "Kun gani? Yana fita!"

Sai idonta ya kai ƙasa. Takalmin nan ya danne robar iskar.

"Bawan Allah, ɗaga ƙafarka," ta ce. "Numfashinsa ka take."

Ya harare ta. "Mama, ƙarancin bangaskiya ke damunki."

Ita da gwiwoyinta suka yi kanta saboda durƙuson addu'a a gefen gadon mijinta! Ta sunkuya ta ture ƙafar.

Tsohon ya ja dogon numfashi. Mutumin ya ɗaga hannu sama yana shelar al'ajabi, sannan ya zaro hankici ya goge inda ta taɓa masa takalmi.